Tattakin Hunturu a Duwatsun Ushafa

Hawan duwatsu a ayari ya zama al'adar ƙarshen mako ga wani ɓangare na mazauna Abuja, kuma kakarsa ita ce hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina, wadda a nan kan ɗauki tun daga Afrilu har Oktoba, ciyawa takan shanye mutum, hanyoyin ƙafa su toshe, duwatsu su yi gansakuka da santsi, ga tsoron tsawa a kan tudu. Da an shiga Maris kuma zafi ya sauko, ba mai marmarin taka dutsen da rana ta gasa. Tsakanin waɗannan biyu ne ake samun 'yan watannin da ƙasa ke bushewa, safiya ta yi sanyi, macizai su rage yawo, har mai ƙiba da mai shekaru su iya kai wa ƙololuwa ba tare da sun galabaita ba.

Masu wannan tattaki galibi ma'aikata ne: na gwamnati, na bankuna, na asibitoci, 'yan bautar ƙasa, da baƙi daga ofisoshin jakadanci. Ƙungiyoyinsu suna da yawa, wasu da rajista da riguna iri ɗaya, wasu kuwa abokai ne kawai da ke kiran juna ta WhatsApp. Tsarin dai kusan ɗaya ne. Cikin mako wani zai je ya duba hanya, a sanar da wurin haɗuwa, kowa ya ba da ɗan kuɗin ruwa da na masu rakiya. Ranar tafiya jagora yana gaba, wani ƙaƙƙarfa yana tsare baya, kuma doka ce ba a wuce na gaba, ba a bar kowa bayan na ƙarshe.

Wuraren zuwa ba su da wuyar samu, domin a tsakiyar duwatsu aka dasa birnin. Dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa ranar 3 ga Fabrairu, 1976 ta yanko ƙasa daga yankunan da yanzu suke jihohin Neja, Nasarawa da Kogi, aka kuma tare a sabon birnin ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Dutsen Aso, wanda fadar shugaban ƙasa da Majalisar Dokoki da Kotun Ƙoli ke gindinsa, ba wurin da ayari zai nufa haka kawai ba ne. Dutsen Zuma, mai hoto a takardar naira 100, yana cikin Jihar Neja kusa da Madalla, kuma tsayuwarsa ta fi ƙarfin mai yawon motsa jini. Saboda haka aka fi zuwa Katampe, Dawaki, Mpape, Guzape, Karshi, da duwatsun da suka kewaye madatsar ruwa ta Usuma a ƙaramar hukumar Bwari. Wannan na ƙarshe shi ayarin da marubucin wannan labari ya bi ya nufa, wata Asabar cikin Janairu.

An haɗu bayan sallar asuba a wani gidan mai da ke bakin babbar hanyar Kubwa, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Aka rage motoci, aka cunkusu cikin kaɗan, aka karya ta Dutsen Alhaji zuwa hanyar Bwari, garin da hedikwatar JAMB da ta Makarantar Horar da Lauyoyi suke. Kafin a kai can aka ratse zuwa Ushafa.

Ba a fara hawa ba sai da aka gaida masu gari. Jagora da mutum biyu suka je ƙofar gidan wani dattijo, suka rusuna.

"Ranka ya daɗe, baƙi ne daga cikin gari, muna neman izinin hawa dutse."

"Sannunku da zuwa, 'ya'yana. Ku hau lafiya. Amma kada a taɓa rogon mutane, kada kuma a kunna wuta."

Ya haɗa ayarin da samari biyu 'yan banga waɗanda suka san dajin. Wannan gaisuwa ba ta cikin kowace doka, amma ƙungiyar da ta raina ta takan gamu da manomi ya tare hanya da adda a hannu, kuma gaskiyarsa ce.

Sashen farko na tafiyar gonaki ne. An riga an girbe dawa, sai karan da aka bari a tsaye. Kunyoyin doya an tone su, rogo kaɗai ya rage kore. Ɗorawa da kaɗanya suna nan jefi-jefi, waɗanda manomi ba ya sarewa saboda kalwa da man kaɗe, ga itatuwan kashu sun fara fure. A nan aka yi kiciɓis da matan Gbagyi suna gangarowa da itace. Ba a kai suke ɗauka ba, a kafaɗa ne, cikin ƙwarya ko kwano da aka ɗora bayan wuya, kamar yadda al'adarsu ta gada. Sun riga sun hau sun sauko da kaya tun ayarin bai gama ɗaura takalma ba, suka yi gaisuwa suka wuce ba tare da sun rage sauri ba.

Daga bakin gonaki sai ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Ƙunar daji ce: makiyaya suna cinna wuta don sabuwar ciyawa ta tofo, yara mafarauta kuma don su kori gafiya da zomo daga rami. Ga mai tattaki, wannan wuta ita ke buɗe hanya, ko da yake toka takan ɓata ƙafar wando har gwiwa. Ga dajin kuwa asara ce da ake maimaitawa kowace shekara, domin ƙananan itatuwa ba sa samun damar girma. Inda wuta ba ta ci ba akwai wani abokin gaba, wato ƙarara. Kwansonta yakan bushe a daidai wannan lokaci, gashinsa ya riƙa tashi da iska, kuma wanda ya goge ta da hannu zai yi susa har ya manta da gajiya. Shi ya sa tsofaffin hannu ke sa riga mai dogon hannu komai zafi, kuma ɗan banga na gaba yakan nuna ta da sanda tun daga nesa.

Hawan kansa a kan falalen dutse ake yinsa. Duwatsun Abuja irin masu ƙarfin nan ne da ake fasawa a yi tsakuwar gini, waɗanda suka daskare a cikin ƙasa tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru, ruwa da iska suka kwashe ƙasar da ke lulluɓe da su suka bar su a tsaye. Bayansu yakan ɓare falle-falle kamar ɓawon albasa, kuma waɗannan fallayen su ne haɗarin, don wani yana kama da matakala amma da an taka sai ya motsa. Takalmi mai ƙasan roba yana kama busasshen dutse sosai. Wajen tsayi kuwa hannu ma yakan shiga aiki, na sama ya miƙo wa na ƙasa, darakta da ɗan bautar ƙasa duk ɗaya. Hira ta mutu, sai haki. Iskar hunturu tana da yaudara: gumi yana bushewa kafin a gan shi, mutum ya ɗauka bai yi asarar ruwa ba, sai ciwon kai ya sanar da shi. Jagora yakan tsayar da ayari lokaci-lokaci ya tilasta kowa ya sha, ko yana jin ƙishi ko ba ya ji.

Wanda ya hau don kallon nesa, hunturu ba zai biya masa bukata ba. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na arewacin Chadi, takan rufe sararin sama, rana ta zama fara fat, ana iya dubanta. Ruwan Usuma da ke ƙasa, wanda daga gare shi ake tace abin da famfunan birnin ke bayarwa, ya bayyana dishi-dishi, rufin gidajen Kubwa kuma hazo ya haɗiye su. Abin kallon yana kusa, a ƙarƙashin ƙafa. A kan falalen akwai ramuka masu santsi, dogaye kaɗan, jere da juna, inda aka yi shekaru ana niƙa hatsi, kuma cikin tsagogin duwatsu ana tsintar ɓaraguzan tukwane. Mutane sun zauna a irin waɗannan wurare. Gbagyi da Koro da sauran ƙabilun yankin sun riƙa fakewa kan duwatsu a zamanin hare-haren kamun bayi, suna noma a ƙasa suna kwana a sama, sai da zaman lafiya ya samu a ƙarni na 20 aka riƙa saukowa. A cikin wannan ƙasa ce kuma Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau wanda jihadi ya fitar daga Zariya, ya kafa garinsa a 1828. Garin ne ya ba sabon birnin sunansa, shi kuma ya koma Suleja.

An zauna aka ci ayaba da gyaɗa da ƙosai, aka yi hotuna. Abin takaici, a kusan kowace ƙololuwa da ayari ke zuwa akwai robobin ruwa da ledoji da waɗanda suka riga suka bari, har da sunaye da aka rubuta da fenti a jikin dutse. Ƙungiyoyin kirki suna tafe da buhu suna tsincewa.

Sauka ta fi hawa cin gwiwa, kuma a nan aka fi samun targaɗe, don kowa ya ƙosa. Kafin azahar an dawo Ushafa, aka biya cibiyar ginin tukwane ta garin, wadda shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000. Sana'ar tsohuwa ce a wannan yanki. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, 'yar ƙasar Kwali ce a cikin wannan Babban Birnin Tarayya.

Abu biyu ke rage wa wannan tattaki fili. Na farko tsaro: bayan harin gidan yarin Kuje a Yulin 2022 da sace-sacen mutane a yankin Bwari a farkon 2024, ƙungiyoyi da dama sun daina shiga daji mai nisa, sun koma duwatsun da ke cikin gari. Na biyu gini da fasa dutse. A Mpape an cinye gefen tsaunuka da nakiya, kuma ramin da aka bari ya cika da ruwa har ya zama wurin ɗaukar hoto. A Guzape da Katampe, hanyar da aka bi bara sai a tarar bana an ja mata katanga. A Ingila sai da masu tattaki suka yi gangamin kutsawa tsaunin Kinder Scout a 1932, aka ɗaure wasu, kafin dokokin 1949 da 2000 su tabbatar wa jama'a haƙƙin bin hanyoyin karkara. A Abuja dokar 1976 ta riga ta sa ƙasa duka a hannun Gwamnatin Tarayya, don haka ba sai an yi jayayya da wani mai gandu ba. Abin da ya rage shi ne Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya ta keɓe waɗannan duwatsu da hanyoyin hawansu a taswira kafin a gama rabon filaye, ta kuma sa ƙauyukan da ke gindinsu cikin masu kula da su da masu cin moriyarsu.