Yini Guda Ana Fatsa A Duwatsun Murjani Na Bahar Maliya

Mazaunin Nyanya ya san kifi, amma a kan faranti ya san shi. Da magariba, in ma'aikata sun kuɓuta daga cunkoson motocin da ke gangarowa daga Asokoro ta tudun Kugbo, sai su iske masu gashi sun hura gawayi a bakin hanyar Keffi, ga tarwaɗa, ga karfasa, ga kifin ƙanƙara da ya sha doguwar tafiya daga teku. Kaɗan ne cikin masu ci suka taɓa ganin inda kifin teku yake kwana, balle su zauna cikin jirgi su jawo shi da hannunsu domin nishaɗi kawai.

Wanda ya so ganin haka zai zaci Ikko ko Fatakwal zai nufa. Kifi kam akwai shi can, amma duwatsun murjani, inda kifi masu launi-launi ke taruwa, babu su a gaɓar Nijeriya. Dalili kuwa shi ne Kwara da sauran koguna suna zuba laka da ruwan daɗi cikin teku, shi kuwa murjani ruwan gishiri garau yake so. Sai dai a juya gabas, a bi tsohuwar hanyar alhazai zuwa Bahar Maliya, tekun da babu wani kogi mai gudana rani da damina da ke faɗa masa.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. Kafin jirgin sama ya yawaita, mai niyyar Hajji yakan bi ta Barno da Wadai da Darfur, yana tafe yana ƙodago, wani ya shekara biyar bai ga teku ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da yawa sun yi gabas, har ɗansa Mai Wurno ya kafa gari a Sudan wanda ake kira da sunansa. Ƙarshen tafiyar ƙasa shi ne Sawakin, tsohon garin da aka gina gidajensa da dutsen murjani. Cikin 1905 Ingilishi suka soma gina sabuwar tashar jiragen ruwa arewa da shi, watau Bur Sudan, domin mashigin Sawakin ya yi wa manyan jirage ƙunci. Hausawa da dama sun zauna a waɗannan garuruwa, jikokinsu suna nan har yau. A wurin alhazan dā, duwatsun nan da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa abin tsoro ne, don su ne ke fasa jirgi da dare.

To, mene ne murjani? Bahaushe ya san shi a wuyan amarya, amma wancan ja na ado yawancinsa daga Bahar Rum ake samo shi. Na Bahar Maliya danginsa ne. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu rai, kowane yana gina wa kansa ɗaki da farar ƙasa da yake tsamowa daga ruwa, 'ya'ya su yi gini a kan kufan iyaye, har abin ya zama tsauni. Wani irinsa ba ya ƙaruwa fiye da kimanin santimita 1 a shekara. Cikin kogunan wannan gini kifi ke ɓuya, ya yi ƙwai, ya yi kiwo.

Kafin yaƙin Sudan ya ɓarke cikin watan Afrilu na 2023, baƙi daga Turai da ma'aikata daga Hartum sukan yi hayar jirgi a Bur Sudan su yini a kan ruwa. Ga yadda yinin yakan kasance.

Da an idar da sallar asuba sai a hallara a bakin gaɓa. Jirgin ƙarami ne mai inji a baya, ba ya wuce ɗaukar mutum biyar ko shida. A loda ruwan sha, da akwatin ƙanƙara, da gurasa, da butar gahawa mai citta irin ta mutanen Beja, waɗanda su ne 'yan ƙasa a wannan gaɓa. Kafin a yi nisa sai mai jirgi ya wurga birgi ya kamo ƙananan kifaye waɗanda za a soka a ƙugiya. Sammakon nan ba na banza ba ne: iskar arewa takan tashi in rana ta ɗaga, teku ya soma tunzura.

In an bar tasha, ruwan sai ya yi shuɗi ƙirin kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata. Can sai baƙo ya ga ya rikiɗe ya zama kore shar, sa'an nan ya yi fatsi-fatsi. Mai jirgi ba ya bukatar taswira, launin nan shi ne littafinsa: shuɗi zurfi ne, kore rairayi ne, fatsi-fatsi kuwa dutse ne dab da cikin jirgi. A bakin dutsen, inda tudu ya yanke ya faɗa rami, nan ake kashe inji.

Masuntan wurin ba su damu da sandar fatsa ba. Zare ne mai ƙarfi naɗe a jikin katako, da ƙugiya, da 'yar dalma. A saki zaren ya nutse, a ɗora shi bisa yatsa, a yi shiru. Nan ne wanda ya saba da hayaniyar tashar Nyanya zai ji wani irin shiru da bai taɓa ji ba. Ya leƙa ƙasa, ya hangi kifaye rawaya da shuɗi suna kai da kawowa, wani lokaci kififfiya ta ɗago kai ta shaƙi iska ta koma.

Kwaram sai zare ya motsa. Abin da ake fata shi ne najil, wani jan kifi mai ɗigo-ɗigon shuɗi, wanda ya fi kowane tsada, har Jidda ake kai shi. Wayonsa ɗaya ne: da ya ji ƙugiya sai ya ruga kogo, dutse ya datse zaren. Saboda haka mai jirgi yakan daka wa baƙo tsawa ya ja da sauri kada ya sassauta. Baƙon da ya yi sanyin hannu sai ya jawo zare fayau, a yi masa dariya. Wani kuma ya yi sa'a har ya hango kifinsa yana tasowa, kifin shak ya riga shi, ya bar masa kai kaɗai. Ban da najil akwai sha'ur da bayad, masu ja kamar ɗan maraƙi, har zare ya tsaga yatsa.

Da azahar a yi sallah cikin jirgi, a ci gurasa, a kurɓi gahawa, mai jiri ya kwanta ya rufe ido. Ana nan mai jirgi zai nuna wa baƙo wuraren tarihi. Ga dutsen Wingate, inda wani jirgin Italiya mai suna Umbria yake kwance cike da bamabamai tun watan Yuni na 1940, sa'ad da kyaftin ɗinsa ya nutsar da shi da gangan don kada Ingilishi su ƙwace. Can arewa akwai Sha'ab Rumi, inda Bafaranshe Jacques Cousteau ya kafa gida ƙarƙashin ruwa cikin 1963, mutanensa suka yi wata guda a ciki. Can kuma tsakiyar teku, kilomita 25 daga gaɓa, ga hasumiyar fitila ta Sanganeb. Kafin la'asar sakaliya an juyo gida, igiyar ruwa tana dukan jirgi, kowa ya jiƙe sharkaf.

Duk wannan daɗi a kan abu mai rauni yake tsaye. Ƙarfen tsayar da jirgi in an jefa shi kan murjani, cikin ƙiftawar ido ya rushe ginin shekaru. In aka kwashe najil a lokacin da ya taru don yin ƙwai, baɗi sai a nemi na miya a rasa. In kuma teku ya yi zafi fiye da kima, murjani yakan yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Saboda haka Sudan ta keɓe Sanganeb cikin 1990, kuma cikin 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya tare da Dungunab, inda ɗan'uwan ayu na Binuwai yake kiwo.

Abin sha'awa, cikin wannan shekara ta 2016 hukumar ta karrama bikin kamun kifi na Argungu. Kabawa sun daɗe da sanin abin da masana teku ke faɗi yau: Matan Fada ba a shigarsa da koma sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa ake samun giwan ruwa da sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga.

Yaƙi ya kori masu yawon shaƙatawa daga Bur Sudan. Cikin watan Mayu na 2023 ta nan aka kwaso ɗaliban Nijeriya da dama zuwa Abuja, cikin Mayu na 2025 kuma jirage marasa matuƙi suka kai wa garin hari. Duwatsun murjani dai suna nan suna gininsu sannu a hankali. Allah Ya kawo zaman lafiya, har wata rana mutumin Nyanya ya tsaya a gaɓar da kakanninsa suka tsaya, ya kama na cinsa, ya mayar da ƙanana cikin ruwa.