Ranar da Lauya Zai Ce a Kawo Fayil

Yawancinmu da za mu karɓi difloma bana, ofis za mu faɗa: sakatare, akawu, mai kula da kwamfuta. Mun iya buga wasiƙa, mun iya Excel. Tambayar da nake so mu riƙe kafin mu fita ita ce: idan aka kai wurin aikinka kotu, ina za ka nemo abin da aka rubuta shekara biyu da suka wuce, kuma wa zai tsaya ya ce ba a taɓa shi ba?

Tun 2011 Dokar Shaida ta Najeriya, a sashe na 84, ta buɗe ƙofa ga bayanan da kwamfuta ta fitar, amma da sharaɗi. Sai an nuna cewa da na'urar ake aikin yau da kullum, kuma lafiyarta ƙalau a lokacin, ko in ta sami matsala, ba ta shafi bayanan ba. Hanyar da aka saba bi ita ce a haɗa da takardar shaida mai bayyana na'urar da yadda aka fitar da bayanin, ɗauke da sa hannun wanda ke da alhakin kula da ita. A shari'ar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa, a 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi yin aiki da takardun da aka buga daga intanet don ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. To a ƙaramin ofis, wa ke kula da na'ura? Ni da kai ne. Sunanmu ne zai hau takardar nan.

Na ga yadda abin yake lokacin da na yi SIWES a wani kamfanin kayan gini kusa da gidanmu a Ƙofar Marke. Rigima ta taso tsakaninsu da wani ɗan kwangila kan kuɗin siminti: shi ya ce ya biya, su suka ce da saura. Lauya ya zo ya nemi rasit, da saƙonnin da aka yi musaya, da lissafin watannin. Mai kamfanin ya ɗaga wayarsa ya ce, "Barista, ai duk abin da munka yi shina cikin wayag ga." Da aka duba, rabin cinikin da tsohon manaja aka yi shi, ta WhatsApp ɗinsa na kansa, kuma ya bar aiki ya tafi da layinsa. Kwamfutar ofis kuwa an goge ta tas an sake zuba mata manhaja bayan ta kamu da bairos. Abin da ya rage ƴan hotunan allo ne da aka tura daga waya zuwa waya, wasu ma babu kwanan wata a jikinsu. Lauyan ya daɗe yana kallonsu bai ce komai ba. Ƙarshenta sulhu aka yi a zauren wani dattijo, kamfanin ya haƙura da kuɗin da na tabbata nasa ne, don da hannuna na shigar da wasu lodin a littafi.

Babu wanda ya yi sata a ofishin nan. Kawai ba a taɓa zama an yanke me za a ajiye ba, a ina, har tsawon yaushe, a hannun wa. Da cinikin yana bin layin kamfani da imel ɗin kamfani, da ana kwafe lissafi duk ƙarshen mako a ajiye wani wuri daban, da labarin ya canza.

Manya ma na karo da wannan. A Maris 2023, INEC ta nemi sake saita na'urorin BVAS don zaɓen gwamnoni, alhali masu ƙarar zaɓen shugaban ƙasa na son duba abin da ke cikinsu. Sai da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba da izini, bayan hukumar ta ce za ta kwashe bayanan ta adana, kuma aka ɗage zaɓen daga 11 zuwa 18 ga wata. Mako guda ƙasa tana jira saboda tambayar ina za a ajiye bayanai kafin a goge na'ura.

Kada kuma wani ya ɗauka maganin shi ne tara komai har abada. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutane fiye da lokacin da ake buƙatarsu, don haka kwafin katin NIN na kwastoma da ke yawo cikin filash ɗin kowa shi ma jidali ne. Akwai na ajiyewa, akwai na gogewa idan wa'adinsa ya cika. Amma daga ranar da aka ji ƙamshin ƙara, gogewa ta tsaya cak, ko da wa'adin ya yi.

Ni dai na shirya tambayoyin da zan yi a makon farko duk inda na sami aiki: da sunan wa aka yi rajistar layin da kwastomomi ke kira, wa ke riƙe da kalmar sirrin imel, kuma yaushe rabon da a kwafe abin da ke cikin kwamfutar da za a zaunar da ni gabanta.