KWANA BIYAR A GUNGU

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin mahaifina yana barci da rana ba. Fataucin albasa ne sana'arsa. Kullum daga masallacin asuba sai kasuwar Ramin Kura, ba mu sake ganinsa a gidanmu na Mabera sai bayan lisha. Ko ranar Salla, da an sauko Idi an gaisa, za ka gan shi ya raɓe da waya a kunne yana tambayar nawa buhu ya kwana a Aliero. Irin wannan ne Hausawa ke kira hutun jaki da kaya.

Ana nan, cikin watan Nuwamba na 2023, sai jiri ya kwashe shi a bakin rumfa, aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, ya umurce shi da abu uku: shan magani, da rage gishiri, da hutu. Biyun farko ya karɓa. Na ukun kuwa cewa ya yi hutu sai kabari.

Kada mai karatu ya yi saurin ganin laifinsa. Bahaushe matafiyi ne tun fil'azal, amma ba ya tafiya sai da dalili: fatauci, ko neman ilmi, ko ci-rani, ko aikin hajji, ko biki da ta'aziyya. Wanda ya kama hanya ba ɗaya daga cikin waɗannan, yawon banza aka ce ya tafi. Ni kaina dariya nakan yi in na ji labarin Turawan da ke tara kuɗi shekara guda, don kawai su kwashi iyali su je wani tsibiri na ƙasar Girka su zauna suna kallon teku.

Inna ce ta samo dabara. Baba yana da wani amini, manomin albasa, a wani ɗan tsibiri cikin kogin Kwara kusa da Yawuri, wanda ya fi shekara ashirin yana gayyatarsa. Ba ta ambaci hutu ba ko kaɗan. Cewa ta yi, "Alhaji, zumunta a ƙafa take, kuma kun bar bawan Allan nan yana ta aike." Baba ya rasa ta cewa. Da aka ba mu hutu a jami'a cikin Disamba, muka kama hanya mu biyar, da ni da su da ƙannena biyu. Muka bi ta Shagari da Tambuwal da Jega da Koko, la'asar sakaliya muka sauka Yelwa.

Can bakin ruwa hankalin Inna ya tashi, domin ba ta manta da jirgin da ya nutse da mutane masu yawa kusa da Wara cikin 2021 ba. Mu mutanen Mabera kuwa ba mu san ruwa da alheri ba, tun da kusan kowace damina sai ya cika mana hanya, wani lokaci har cikin ɗaki. Sai da ta ƙirga mu, ta tabbata kwalekwalen bai yi lodi ba, sa'an nan ta yi bisimilla ta shiga, ta runtse ido har muka ƙetare.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Babu ƙarar babur, babu ta janareto, sai ruwa yana bugun gaɓa da kukan tsuntsaye. Gidaje ba su kai talatin ba, bayansu fadamun albasa kore shar. A nan ake kiran tsibiri gungu, daga nan kuma sunan Gungawa ya fito, ko da yake su suna kiran kansu Reshe, suna da harshensu daban. Tare da su akwai Sarkawa masunta. Baffa, watau aminin Baba, ya tarbe mu da tuwon shinkafa da miyar giwan ruwa wadda har yau ƙannena suna zancenta.

Kwana biyun farko Baba ya sha wuya, mu ma muka sha. Waya ba ta kamawa sai a kan wani tudu bayan gari, nan ya mai da rumfarsa. Ya hau ya sauko, ya leƙa gonaki yana ƙiyasta buhu nawa za a samu. Da Inna ta ce ya zauna, sai ya ce, "Yanzu ni mi za ni yi nan? In zamna ina kallon ruwa awa mai jiran kihi?"

Ran kwana na uku da hantsi Baffa ya ɗauke mu ni da Baba a kwalekwale, wai za a duba taru. Da muka yi nisa sai ya ajiye filafili, ya nuna kudu da hannu, ya ce gungun da aka haife shi yana can ƙarƙashin ruwa. Yana yaro aka gama madatsar Kainji, cikin 1968, ruwa ya taso ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirai da dama, har da Foge, aka tashi mutane fiye da 40,000. Ya ce mahaifinsa ya kwashe ƙarfinsa duka a wata fadama, ko zazzaɓi bai hana shi zuwa ba, domin a ganinsa in ya yi fashin yini ɗaya ta lalace. "Ga ta can, Alhaji, kifi ke kiwo a kanta. Ni kuwa abin da na riƙe nasa bai wuce dare biyu ko uku da ya zauna ya yi hira da mu ba." Baba bai ce uffan ba har muka komo.

Bayan azahar na fito neman sa a kan tudu, ban gan shi ba. Can na hango shi gindin wani mangwaro, kwance bisa tabarma, hula a kan fuska, yana barci har da minshari, waya kuwa tana cikin takalminsa. Allah Sarki! Na kira Inna, muka tsaya muna kallonsa kamar ba mu san shi ba. Sai na ga tana share ido da bakin mayafi.

Daren nan, ga sanyi, ga wuta an hura, ga dorina tana gurnani can nesa, Baba ya buɗe baki. Ya ba mu labarin almajirancinsa, da yadda ya fara da tallan albasa a faranti, da ranar da ya je zance wurin Inna da aron riga. Shekarata ashirin da biyu a gidansa, amma sai a gungun nan na san mutumin da ya haife ni.

Ran na biyar muka yi sallama, Baffa ya cika mana kwali da busasshen kifi. Ba zan ce ruwan Kwara ya warkar da Baba ba, har gobe yana shan maganinsa, yana kuma zuwa awo. Amma tun daga lokacin, ranar Juma'a in an sauko masallaci gida yake dawowa, ya bar wa yaransa rumfa, kuma kasuwa ba ta tashi ba.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu da gumin irin waɗannan iyaye muke karatu, ba mu kuwa tuna gajiyarsu sai ran da suka faɗi. Ba sai an je Girka ba. Akwai Yawuri, akwai Argungu, akwai Goronyo, akwai ma ƙauyen kakanni. In kalmar hutu ta yi musu nauyi, a yi irin ta Inna, a ce zumunci ne. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya ba mu ikon hutar da su, amin.