ARIKYA: INDA RUWAN DAMINA KE TARA WA WUTAR RANI ABINCI

Arikya mazaɓa ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa. Tana arewacin ƙasar Lafiya, wajen da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar kwarin Binuwai ta fara tasowa tana dosar ƙasar Wamba da tsaunukan Filato. Ita kuwa Lafiya, wadda aka fi sani da Lafiyar Barebari, tsohuwar masarauta ce a kan hanyar Akwanga zuwa Makurɗi, ta kuma zama hedkwatar jiha ran 1 ga Oktoba, 1996, sa'ad da aka cire Nasarawa daga Jihar Filato. Ƙasa ce ta ƙabilu iri iri, akwai Barebari da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa, harshen Hausa kuwa shi ne ke haɗa su a kasuwa. Doya da riɗi da shinkafa da rogo da gyaɗa su ne arzikinta.

Baƙon da ya ziyarci wannan yanki a watan Satumba, sa'an nan ya sake komowa a Janairu, zai yi tsammani ƙasa biyu ya gani. A Satumba gamba da tofa sun rufe ko'ina, a wani wurin ciyawa ta ɗara tsawon mutum, ɗorawa da kaɗanya da maje da ƙirya sun yi shar. A Janairu kuwa daji ya koma baƙi ƙirin, ƙasa ta lulluɓe da toka, gindin itatuwa duk ya babbake. Da rana za a hango hayaƙi yana tashi nan da can, shirwa na shawagi bisa kansa suna cafkar fara da sauran ƙwarin da wuta ta koro. Da dare kuwa sai a ga jan layi yana tafiya a jikin tsauni kamar an ja zare.

ABIN DA YA SA WUTA TA FI SON WANNAN ƘASA

Wuta ba ta ci sai abu uku sun haɗu: abin da za ta ci, da bushewarsa, da wanda zai kunna ta. Idan aka dubi taswirar Nijeriya da wannan ido, za a gane dalilin da ya sa tsakiyarta ta fi ko'ina ƙonewa. A can arewa, wajen Katsina da Daura har zuwa Maraɗi, bushewa ta kai matuƙa, amma ciyawa gajera ce, gonaki sun cinye daji, ɗan abin da ya saura kuma dabbobi sun lashe shi tun kaka. Akwai bushewa, babu abinci. A kudu kuwa, cikin kurmi, itace da ganye sun yi yawa, amma laima ba ta rabuwa da su. Akwai abinci, babu bushewa. To, a ƙasar Lafiya abu biyun nan suka gamu. Ruwa yakan sauka tun daga Afrilu har Oktoba, ya wuce milimita 1,000 a shekara, ya raya ciyawa mai tsawo. Daga Nuwamba sai iskar hunturu ta taso daga hamada ta busar da ita ƙayau cikin 'yan makonni. Watau damina ce ke tara itacen, hunturu ya shanya shi, ɗan'adam ya kawo ashana.

Saboda haka ba shekarar fari ce kaɗai ke kawo babbar gobara ba. Sau da yawa shekarar da aka yi ruwa mai albarka ita ce ta fi haɗari, don ita ke barin ciyawa mai kauri. Makiyayan Jamhuriyar Nijar sun san wannan sarai, shi ya sa bayan kowace damina mai kyau hukuma da jama'a kan fita su share dogayen hanyoyi cikin makiyaya don tare wuta.

Masu kunna wutar ba baƙi ba ne, kowa kuma da hujjarsa. Manomi yana so ya share saura ya yi kunyar doya ba tare da ya biya 'yan ƙodago masu yawa ba. Makiyayi yana so tsohuwar ciyawa ta kau, sabon toho ya fito wa shanu, kaska kuma ta ragu. Mafarauci da samari suna son gafiya da zomo da kurege. Mai ɗibar zuma yana korar ƙudan da hayaƙi. Mai gida yana tsoron maciji a bayan danga. Akwai kuma mai wucewa da ya yar da guntun taba. Sai dai wuta ba ta san iyakar gona ba. In ta ƙwace, sai ta bi ta kan damman shinkafa da ba a sussuka ba, da riɗin da aka jingine yana shan iska, da doyar da aka rufe da ciyawa, da lambun mangwaro ko kashu da aka yi shekaru ana reno. A ƙasar da manomi da makiyayi suka daɗe suna zaman doya da manja, gona guda da ta ƙone ba a san wanda ya kunna ba ta isa ta tayar da fitinar da za ta ci rayuka.

GWAJIN OLOKEMEJI

Tun zamanin Turawa ma'aikatan gandun daji suka so su san abin da wuta ke yi wa itatuwa. A shekarar 1929 suka keɓe fili uku a gandun dajin Olokemeji, tsakanin Badun da Abekuta. Na farko ana ƙona shi kowace shekara da farkon rani, na biyu a ƙarshen rani, na uku kuwa aka hana wuta shiga sam. Bayan shekara 28 aka ƙidaya itatuwan. Filin da aka tsare ya kama hanyar zama kurmi, ciyawa ta kusa ɓacewa a ƙarƙashin inuwa. Wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwansa da dama. Wanda ake ƙonawa a makare kuwa ya koma fagen ciyawa, sai tsirarun itatuwa masu kaurin ɓawo.

Dalilin a fili yake. A Nuwamba da farkon Disamba ciyawa na da sauran danshi, raɓa na sauka da dare, wuta takan bi ƙasa sannu a hankali, ta tsallake wani wuri, ta mutu da kanta in dare ya yi. A Fabrairu da Maris kuwa kome ya bushe, rana ta yi zafi, iska na kaɗawa, harshen wuta yakan kai rassa, ya kashe ƙananan itatuwa, ya ƙona furen kaɗanya da na ɗorawa waɗanda mata ke jiran 'ya'yansu don man kaɗe da daddawa. Ke nan ba kowace wuta ce ɓarna ba, lokacinta shi ne abin dubawa.

INA HAYAƘIN KE ZUWA?

Tun da aka fara duban ƙasa da taurarin ɗan'adam, masana suka gano cewa wajen kashi 70 cikin ɗari na filin da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka yake, kuma kusan rabin iskar kabon da gobarar daji ke fitarwa daga nan take tashi. Ita wannan iska tana cikin manyan masu riƙe zafin rana a sararin sama. Amma a nan akwai bambancin da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Kabon ɗin da ciyawa ta saki a Janairu, sabuwar ciyawa za ta sake zuƙe shi a damina mai zuwa, kamar bashin da ake biya kowace shekara. Itacen da ya yi shekara hamsin yana tara kabon a jikinsa kuwa, in ya ƙone bai sake tsirowa ba, wannan bashi ne da ba a biya. Ban da haka, hayaƙin na ɗauke da iskar metan da baƙin ƙura mai laushi wanda ke gauraya da hazon hunturu ya shiga huhu, ya tsananta tari da asma, musamman ga yara da tsofaffi.

Ƙasar noma ma tana asara. Manomi yakan ga toka ya ce taki ne, kuma da gaskiyarsa, don akwai sinadarin fotash a cikinta. Sai dai sinadarin naitirojin, wanda shi ne ake saye da tsada cikin buhun yuriya, yawancinsa yakan bi hayaƙi ya tafi. Tokar kuma iska ta kwashe wani sashe, ruwan farko ya wanke saura zuwa rafi, ya tarar da ƙasa tsirara ya zaizaye ta.

SAUYIN YANAYI DA SAUYIN DAJI

Hukumar Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa a 2024 zafin duniya ya haura na kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri 1.55, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin wannan shekara. Ran 3 ga Afrilu na shekarar, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin laima kimanin kashi 7 cikin ɗari, watau tana ƙara ƙishirwa, tana tsotse ruwan ganye da ciyawa da sauri. Wannan ne ke faɗaɗa kwanakin da daji ke shirye ya kama.

Inda itace ya taru, sakamakon ya bayyana. A 2023 gobara ta cinye kimanin hekta miliyan 15 na dazuzzukan Kanada, fiye da girman Jihar Nasarawa sau biyar, hayaƙinta ya turnuƙe birnin New York a watan Yuni. Masanan hukumar NASA ta Amurka sun ƙiyasta kabon ɗin da ta saki da wajen tan miliyan 640. Wani bincike da aka buga a 2024 ya nuna cewa iskar kabon da gobarar manyan dazuzzuka ke fitarwa ta ƙaru da kashi 60 cikin ɗari tsakanin 2001 da 2023. Afirka ta Yamma ma ta taɓa ɗanɗanawa. A farin 1982 zuwa 1983, kurmin Gana da ba a saba ganin ya kama ba ya bushe, wuta ta cinye gonakin koko da na abinci, yunwa ta biyo baya, a daidai shekarar da aka mayar da 'yan Gana kusan miliyan guda gida daga Nijeriya.

Abin mamaki shi ne, a ƙasashen ciyawa irin ta Lafiya lissafin ya juya. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa filin da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari tsakanin 1998 da 2015, kuma mafi yawan raguwar a irin waɗannan ƙasashe ne. Ba sanyi aka samu ba, abincin wutar ne ya ragu. Jama'a sun yawaita, gonaki da hanyoyi sun yanyanka daji, shanu sun ƙaru suna cinye ciyawa. Wannan ba abin a yi murna ba ne gaba ɗaya, don sau da yawa ma'anarsa ita ce dajin kansa ya ƙare.

A Nasarawa gatari ya riga wuta. Buhunan gawayi da ake jerawa a bakin manyan hanyoyin jihar suna jiran motocin Abuja shaida ne, ƙirya kuwa tana cikin itatuwan da masu gawayi suka fi nema. Bayan janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, tsadar rayuwa ta ƙara tura gidaje da yawa ga gawayi da itace. Madobiya ma an yi ta sararta a tsakiyar Nijeriya ana kai wa ƙasar Sin, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta ƙayyade cinikinsu. Duk inda aka sare babban itace, rana takan sauka ƙasa, ciyawa ta yi ƙarfi, wutar baɗi ta fi ta bana zafi, ta kashe 'yan tsiron da za su gaji wanda aka sare. Haka daji ke komawa fako sannu a hankali.

ABIN YI

Doka dai akwai ta. Tun 2011 hukumar NESREA ta Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin hana ƙonar daji barkatai, a 2021 kuma aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. Amma doka daga Abuja ba ta kashe wuta a bayan Arikya, kuma hani ƙwaf bai taɓa yin nasara ba a ƙasar ciyawa, don ciyawar da aka hana ƙonawa a Nuwamba tana nan tana jiran Maris.

Akwai darasi daga arewacin Ostareliya, ƙasar da ita ma ke da damina da rani da doguwar ciyawa. A 2006 'yan asalin yankin Arnhem suka farfaɗo da al'adar kakanninsu ta ƙona daji kaɗan kaɗan da farkon rani, bisa wata yarjejeniya da ake biyansu kuɗi saboda hayaƙin da suka rage. Manyan gobarar ƙarshen rani suka ragu, samari suka sami aiki. Abin da suka yi bai bambanta da abin da Olokemeji ya nuna ba tun da daɗewa.

A ƙasar Lafiya wannan aiki ne na dagatai da masu unguwanni da arɗaɗɗa da sarakunan noma da na farauta, tare da malaman gona da na daji. Su zauna da zarar ruwa ya ɗauke, su tsai da ranakun ƙona daji bayan an kwashe amfanin gona, a sanar a kasuwa da masallaci da coci, a share hanya kewaye da gonaki da lambuna da rumbuna, a kunna da yamma lokacin da iska ta kwanta, a kuma haramta wuta daga Fabrairu har saukar ruwa. A keɓe bakin rafuka da jikin tsaunuka kada gatari ko wuta su taɓa su. Wanda ya saɓa, a ci shi tara a gaban kowa, ko manomi ne ko makiyayi.

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Arikya ba su da iko da zafin da ke ƙaruwa a duniya, amma ranar da za a ƙyasta ashana da itacen da za a bari a tsaye suna hannunsu. Allah ya kiyashe mu da gobara, ya ba mu damina mai albarka, amin.