Kwamfutar malami: HP, Dell ko Lenovo?

Abokan aiki da iyayen ɗalibai kan tambaye ni wace kwamfutar tafi-da-gidanka za su saya, suna jira in ambaci sunan kamfani. Ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne: in ta lalace, wa zai gyara ta a garinku? Kuɗin da malami ya yi watanni yana tarawa ba na gwaji ba ne.

Nan HP ta ci gida. Daga Maraɗi har Damagaram, da wuya ka rasa cajarta ko batirinta wurin masu gyara. Sai dai HP kala-kala ce. EliteBook don aikin ofis aka ƙera ta, tana da ƙwari. Pavilion ta zaman gida ce, kuma a zafin Afrilu, sa'ad da ake haura digiri 40, fankarta kan yi ta kuka kamar injin niƙa. Dell Latitude sa'ar EliteBook ce wajen juriya, amma tana da tsirfa: in ba ta gane caja ba, sai ta ƙi cika batir.

Ni dai ThinkPad nake so, wadda Lenovo ta gada daga IBM a 2005. Madannanta na da daɗin bugu ga mai rubuta jarrabawar aji uku a dare ɗaya, kuma tsofaffin samfuranta ƴan kusoshi kawai za a kwance a busa ƙurar hunturu ko a ƙara mata ƙwaƙwalwa. Kyau kam ba ta da shi. MacBook, musamman daga 2020, batirinta na kai ka yini ko an ɗauke wuta, amma an liƙe mata ƙwaƙwalwa, kuma gyaranta sai mai hali.

Tunda yawancinmu ta hannu muke saye, a duba madannai. Wadda ta biyo ta Kano galibi QWERTY ce, mai koyar da Faransanci kuwa zai sha wuya neman é da ç. AZERTY ta fi masa. Sannan Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma Intel tsara ta 8 zuwa sama take buƙata. Kada kalmar i5 ko i7 ta ruɗe ka. Ka sa mai shago ya kunna ta, ka ga lambar tsarar da idonka kafin ka ƙirga masa jaka ko ɗaya.