Karkarwar hannun da muke ɗora wa tsufa

Mu 'yan kasuwar hatsi ba ma ƙirga kanmu cikin manoma, shi ya sa in ana maganar illar maganin feshi sai mu ga kamar da wasu ake. Alhali manomi 'yan kwanaki yake feshi a damina, ya wanke jiki ya koma gida. Mu kuwa da maganin muke wuni, yaran shago ma a cikin warinsa suke kwana, ƙofa a garƙame saboda ɓarayi.

Shekarata ashirin da wani abu ina sayar da wake da gyaɗa a Marwa. Na san gubar da kowa ke tsoro: a zuba fiya-fiya a sito, yaro ya shiga, kai ya sara, yawu ya yi ta zuba, a garzaya asibiti. Wannan muna gani da ido. Wadda take damuna ita ce mai shiga kaɗan-kaɗan ta fata da numfashi, shekara da shekaru.

Akwai wani dattijo a layinmu, dillalin maganin ciyawa, wanda ke tsiyaya wa manoma daga jarka zuwa ƙananan kwalabe da hannu tsirara. Hannunsa na dama ya fara rawa in yana zaune, sannan tafiyarsa ta koma jan ƙafa, ƙirga kuɗi ma ya gagare shi. Wasu suka ce sammu, wasu suka ce tsufa, ga shi bai cika sittin ba. Da 'ya'yansa suka kai shi wajen likita a Garwa aka ce cutar Fakinsan ce, kuma cikin tambayoyin farko har da sana'arsa. Likitan ya ce gado da shekaru na da nasu kason, amma maganin ma ba a cire shi ba.

Daga nan na shiga karatu. Ashe ƙwaƙwalwa, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke samarwa. A cikin ƙwayoyinta akwai wasu 'yan murahu, maitokondiriya, masu ƙona sukari su ba da ƙarfi. Maganin da ake kira rotenon yana toshe murhun ne. Farakwat kuma, na ƙona ciyawa, yana haddasa wani irin tsatsa da ke cin ƙwayar daga ciki. Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu samar da dofamin, sinadarin da ke daidaita motsi. Abin takaicin, hannu ba ya fara rawa sai an riga an rasa da yawa daga cikinsu, kuma ba sa dawowa.

Yadda aka kama bakin zaren ya ba ni mamaki. A 1982 a Kalifoniya ta Amurka, wasu matasa suka yi wa kansu allurar gurɓatacciyar ƙwaya, cikin kwanaki jikinsu ya sandare kamar tsofaffi masu Fakinsan. Da aka bincika, gubar da abin ke rikiɗewa ya zama a ƙwaƙwalwa ta yi kama da farakwat ƙwarai. A 2011 wani bincike kan manoman Amurka ya gano masu amfani da farakwat ko rotenon sun fi kamuwa da cutar da kusan ninki biyu da rabi. Tarayyar Turai ta hana farakwat tun 2007, Faransa kuma a 2012 ta sa Fakinsan cikin cututtukan sana'a da ake biyan manomi diyya a kansu. Mu wa zai biya mu?

Shi fiya-fiya, wato dikulobos, hanyarsa daban. Yana kashe sinadarin da ke tsayar da saƙon jijiya bayan ya isa, sai jijiyar ta yi ta bugawa ba hutu. Haka yake kashe ƙwaro, kuma jijiyarmu da ta ƙwaro a nan iri ɗaya suke aiki. Saboda shi ne Turai ta daina karɓar waken Najeriya a 2015. 'Yan'uwa, wancan waken da aka ƙi, irinsa matanmu ke yin ƙosai da alala da shi.

Ni dai buhun PICS nake amfani da shi, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Dabarar ma nan arewacin Kamaru aka fara gwada ta, masanan Jami'ar Purdue tare da na cibiyar binciken noma ta Marwa. In an matse iska an ɗaure kowane baki daban, ƙwaron shaƙewa yake ya mutu, ba ɗigon magani. Ya fi buhun gama-gari tsada, amma yana yin shekara fiye da ɗaya in ɓera bai huda shi ba, don haka a kan katako nake jera su, nesa da bango. Yarana kuma ɗaki na kama musu a bayan kasuwa. Kuɗin hayar na shigar da shi cikin lissafin kaya, kamar kuɗin mota da na dako.