Daga Ankara Zuwa Takoradi da Kare

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa, ruwa mafi girma da ya sani shi ne Kwara ko Binuwai, su kuwa ana hangen ƙetarensu. Teku ba haka take ba. Ka duba har idonka ya gaji, ba tudu, ba itace, sai raƙuman ruwa suna ta bugun gaɓa dare da rana. A bakin tekun Gana, ƙasar da iyayenmu suke kira Gwalkwas, garuruwa suna jere daga gabas zuwa yamma: Ankara, Winiba, Kef Kos, Elmina, Sekondi da Takoradi. Mota tana iya ratsa su duka a yini guda. Mu kwana huɗu muka yi, dalili kuwa kare.

'Yarmu tana aure a Takoradi. Mijinta yakan yi aikin dare a tashar jiragen ruwa, ɓarayi kuma sun haura musu katanga har sau biyu. Sai ta aiko ta ce, "Baba, in kun yarda ku ba mu Duna." Duna baƙin kare ne, shekararsa biyar yana tsaron gidanmu a Ankara. Uwargida ta ce ba za a ɗora shi a motar kaya kamar buhun gawayi ba, mu za mu kai shi da kanmu. Muka je wurin likitan dabbobi aka sabunta masa allurar ciwon haukan kare, aka ba mu takarda. Kowa zai yi tafiya da kare kada ya raina wannan, gama ciwon nan in ya bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Muka ari mota, muka ɗauki jarkar ruwa da kwanonsa da igiya, muka yi addu'a, muka kama hanya.

Mai tafiya da kare ba ya ganin gari ta tagar mota. Tilas ka tsaya, tilas ka sauka, ka taka da ƙafa da sassafe da kuma la'asar sakaliya, domin da rana yashin bakin teku yana ƙona masa tafin ƙafa. A waɗannan lokatai ne kuwa gari yake nuna kansa. Da asuba a Winiba muka tarar da masunta wajen talatin suna jan taru guda da waƙa, mata suna jira da manyan kwanoni. Wata mai sayar da koko da ƙosai ta dube mu ta ce da Hausa, "Baba, wannan ɗan naku shi ma koko zai sha?" Ashe 'yar zango ce. A Gana kokon nan sunansa kokon Hausa, shinkafa da wake kuma "wace" suke ce da ita, daga kalmarmu ta wake. Ita ce ta ba mu labarin bikin mutanen garin na watan Mayu, inda ƙungiyoyi biyu suke shiga jeji, kowace tana neman ta riga kamo mazo da rai.

A zango muka kwana, gidan wani dattijo Musulmi abokin cinikina. Na san ba ya son kare kusa da inda yake salla, saboda haka tun kafin ya yi magana na ɗaure Duna a gindin itace a waje. Shi kuwa da kansa ya sa yaro ya kai masa ruwa a wani tsohon kasko. A ganina bai kamata mai bi ya sa maƙwabcinsa cikin damuwa saboda dabba ba, ko da yana ƙaunarta.

Daga Ankara zuwa Kef Kos mil casa'in ne ko kusa da haka. Nan ne babban birnin Turawan Ingila har 1877, sa'ad da suka mai da mulki Ankara. A kan dutse a bakin ruwa akwai wata babbar kagara fara fat. Ba mu ga ya dace mu shiga da kare irin wannan wuri ba, sai muka yi karɓa-karɓa: uwargida ta zauna da shi a inuwa, na shiga ni kaɗai, bayan na fito ita ma ta shiga.

A ƙarƙashin kagarar akwai ɗakunan duhu inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Iska da haske ta 'yan ƙananan kafofi can sama suke shigowa. Mutum ɗaruruwa a wuri guda, nan za su ci, nan za su kwanta, nan za su yi bayan gida, makonni ko watanni. Daga nan sai wata ƙofa da take buɗewa wajen teku, wadda ake kira ƙofar da ba a komowa. Da yawa daga cikin waɗanda suka bi ta daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin na Salaga, wato Gwanjar da fatakenmu suke zuwa sayen goro. Kada mu ce labarin waɗansu ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, daidai bisa kurkukun maza aka yi ɗakin sujada. Wanda ya daɗe yana hidima a kagarar kuwa ɗan garin ne, Filibus Kwaku, baƙin mutum na fari da Ikkilisiyar Ingila ta naɗa firist, a 1765. Ya komo gida a 1766, ya yi shekara hamsin yana wa'azi yana koya wa yara karatu, ya rasu a 1816. Kabarinsa yana tsakar kagarar. Ingila ba ta hana cinikin bayi ba sai 1807. Ku lissafta da kanku shekara nawa ana waƙar yabo a sama, mutane suna nishi a ƙasa. Ban iya yanke wa mutumin nan hukunci ba, gama waɗanda suke wannan ciniki su ne iyayen gidansa. Amma na ji kunya a madadin ikkilisiya. Uwargida da ta fito ba ta ce kome ba. Ta zauna ta ɗora hannu a kan Duna, mun fi rabin sa'a a haka.

Da yamma kare ya ja mu cikin gari har majami'ar Metodis. Mai bishararsu na fari, Yusufu Danwel, ya sauka nan a farkon 1835, bai cika wata shida ba zazzaɓi ya kashe shi. A 1838 Toma Firiman ya zo, uwarsa Baturiya, ubansa baƙi. Shi ya jure, ya kai bishara Kumasi a 1839, ya kai ta Badagiri a ƙasarmu ta Nijeriya a 1842.

Elmina mil takwas ce kawai daga nan. Turawan Fotugal suka gina kagararta a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, na Ingila suka karɓa a 1872. Mun iso ran Talata, ranar da masunta ba sa shiga teku. Jirage masu fenti iri iri sun cika bakin tafki, maza suna zaune suna ɗinkin taru, hayaƙin bandar kifi ya rufe unguwa. Nan Duna ya sha wuya. Ko'ina ƙayar kifi, ga karnukan gari suna binsa da haushi, ga ƙishi, shi kuwa ruwan teku gishiri ne, in kare ya sha sai amai da zawo. Igiya ba ta bar hannuna ba. Yara dai suka yi ta binmu har kan tudun da ƙaramar kagara take, wani ya kawo masa gutsuren dokunu.

Takoradi garin aiki ne. An buɗe tashar jiragen ruwanta a 1928, ta nan ake fitar da koko da ma'adinai, tun 2010 kuma da aka fara haƙo mai a cikin teku baƙi suka ƙaru, kuɗin haya ya hau. Gidan 'yarmu yana bayan gari, katangar ba ta kai kafaɗata ba. Duna ya zaga gidan sau uku yana shinshina, ya ƙi cin abinci daren fari. Muka ƙara kwana biyu domin ya saba da muryar surukinmu. Uwargida ta bar masa tsohon zanenta ya riƙa kwanciya a kai, na ba 'yarmu takardar allura, na nuna mata watan da za a sake yi masa.